An Yi Mini Tayin Tsofaffin Kyamarori Masu Fim: In Zuba Jarina Ko In Tsaya Kan Dijital?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata ɗaukar hoto, ina kuma ɗan taɓa saye da sayar da kayan hoto. Na tara wasu kuɗi da niyyar sabunta kyamarata ta dijital wadda ta fara gajiya. Sai ga wani ya yi mini tayin tsofaffin kyamarori masu fim guda ashirin a dunƙule, kuɗinsu zai cinye kusan duk abin da na tara. Ina ganin matasa sun fara tambayar hoton fim, ana kuma cewa waɗannan kyamarori tashi suke yi kullum. Wanne ya fi mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a neman. Na ji daɗin da ka tsaya ka tambaya tun kuɗin suna hannunka, don da yawa sai kaya sun yi kwantai suke neman shawara.

Bari in fara faɗa maka matsayata, sannan in kawo dalili. Kada ka sayi kyamarorin nan ashirin a dunƙule. Ka sabunta kayan aikinka na dijital, domin su ke ciyar da kai. Fim kuma kada ka juya masa baya, akwai kuɗi a cikinsa, amma ka shige shi da ɗan abin da in ya salwanta ba zai hana ka barci ba, kuma ka shiga ta ƙofar da ribar take. Ƙofar nan ba jikin kyamarar ba ce.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, waɗannan kaya biyu ba iri ɗaya suke cin kuɗi ba. Kyamarar dijital tana karɓar kuɗinta gaba ɗaya ranar da ka saye ta. Daga nan ko hoto goma ka ɗauka ko dubu goma, kusan ba abin da ya ƙaru sai cajin batir da wurin ajiya. Amma tun daga ranar darajarta take sauka, don kamfani zai fito da sabuwa, taka ta koma tsohon yayi. Kyamarar fim kuwa ta gama faɗuwarta shekaru da yawa da suka wuce, shi ya sa in ka saye ta da kyau za ka iya sayar da ita ba tare da asara mai yawa ba. Sai dai duk lokacin da ka danna maɓalli, kuɗi ne ya fita daga aljihunka. Nadin fim mai milimita 35 hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Babban fim da ake kira 120 kuwa, hoto 12 ne kacal in kyamarar mai murabba'i ce, 10 in mai ɗan faɗi ce. Kowane nadi sai ka saye shi, ka biya wanki, ka biya a juya shi zuwa kwamfuta, wani lokaci har da kuɗin aikawa da dawowa.

Ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce an ɗauke ka aikin wani taro, kuma a yadda ka saba kana danna hoto 600 kafin ka tace ka miƙa masu kyau. Da fim mai 36, nadi 17 ke nan. Haɗa kuɗin nadi ɗaya da wankinsa da juyawarsa, ka ninka sau 17, ka ɗora a kan abin da ka saba karɓa. Kwastomanka zai biya? In ba zai biya ba, daga ribarka za a cire. Kuma ba za ka ga ko hoto ɗaya ba sai bayan kwanaki. In wani ya rufe ido, ko haske ya yi ƙaranci, ko fim ɗin bai kama ƙugiyarsa ba tun farko ka yi ta dannawa a banza, taro ya riga ya watse. Wanda ya ba ka aiki amana ya ba ka, kuma akwai ranakun da ba sa maimaituwa a rayuwar mutum. Wannan kaɗai ya isa ya sa aikin kwangila ya zauna a hannun dijital.

Akwai kuma maganar haske. Fim yana zuwa da ƙarfin jin haskensa a ƙayyade, 100 ko 200 ko 400, wasu 800, kuma da shi za ka tafi har nadin ya ƙare. A dijital kana cikin rana ka shiga ɗaki mai duhu, ka murɗa lambar jin hasken zuwa 3200 ko 6400 ka ci gaba da aiki. Ba na rage wa fim darajarsa. Fim mai launi yana da haƙuri da haske mai yawa, fari ba ya saurin ƙonewa a cikinsa, fatar mutum tana fitowa da taushi, ga ɗan tsakin nan da ke sa hoto ya yi kamar ana iya taɓa shi. Ni kaina in na ga hoton da aka ɗauka da fim ɗin Kodak Portra aka wanke shi yadda ya kamata, nakan daɗe ina kallo. Amma abin da ido ke so daban, abin da littafin shiga da fita ke faɗi daban.

Kada kuma ka ɗauka dijital kyauta ce bayan saye. Akwai kwamfuta, akwai katin memori, akwai rumbun ajiya wanda dole ya zama biyu don in ɗaya ya mutu kada aikin mutane ya bi shi, akwai manhajar gyaran hoto wadda tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da yawancin nasa na biyan wata-wata. Sannan ga sa'o'in da kake ƙarewa gaban allo kana tacewa, waɗanda masu hoto da yawa ba sa saka su a lissafi ko kaɗan. Shawarata a nan gajeriya ce: kada ka bi sabuwar da ta fito bana. Wadda ta shekara uku ko huɗu a kasuwa, ta hannu mai lafiya, za ta yi maka aikin da kwastoma ba zai taɓa gane bambanci ba. Ka duba adadin dannawar da aka yi mata, don kyamara tana ƙirga wannan kamar yadda mota ke ƙirga tafiyarta. Abin da ka rage ka zuba shi a gilashi mai kyau, wato idon da ake ɗaurawa a gaban kyamara, domin jikin kyamara ke tsufa da wuri, gilashi yana bin ka shekara da shekaru.

To, mu dawo kan kyamarorin nan ashirin, don a nan hankalina ya fi tsayawa.

Sayen tsohuwar kyamara ba tare da gwaji ba cinikin biri a sama ne. Kaya ne masu shekara arba'in, hamsin. Canon AE-1 da Pentax K1000 duk a 1976 suka fito, Olympus OM-1 ta riga su, tun 1972, Nikon FM2 kuma 1982. A waje za ka ga ƙarfe yana ƙyalli, amma ciwon yana ciki. Soson da ke toshe gefen murfin baya yana narkewa ya zama kamar kwalta, haske ya riƙa satar hanya yana ɓata hoto da jan zane. Man da ke cikin ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga yana daskarewa, sai ka saita daƙiƙa ɗaya ya yi biyu. Fumfuna tana tsirowa cikin gilashi kamar saƙar gizo in an ajiye shi a wuri mai laima, kuma in ta daɗe tana cin fuskar gilashin yadda gogewa ba ta maganinta. Batir da aka manta a ciki yana zubewa ya cinye wayoyi. Wasu ma, irin OM-1, an yi ma'aunin haskensu ne don batir mai sinadarin makuri wanda aka daina yi saboda gubarsa, sai an yi dabara kafin awon ya zo daidai.

Cikin ashirin ɗin nan, ba za su zama daraja ɗaya ba. Mai sayarwa a dunƙule ya san haka, shi ya sa yake so masu lafiya su ja marasa lafiya. Ka roƙe shi ya bar ka ka zauna da su yini guda. Ka buɗe bayan kowace, ka ɗaga ta sama wajen haske, ka danna a kowane mataki na sauri kana kallo kana saurare. Ka cire gilashin ka haska shi da tocila daga baya. Ka leƙa ramin batir. Waɗanda suka tsallake wannan, ka sa musu fim mafi araha ka ɗauka ka wanke, don kyamarar da ba a ga hotonta ba, ba a san lafiyarta ba. In ya ƙi yarda da gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Sannan ka raba su gida biyu. Akwai masu aiki da ƙarfe da sifirin zalla, irin K1000 da FM2, waɗanda batir ɗinsu na awon haske ne kawai, ko babu shi suna ɗaukar hoto. Waɗannan mai gyara da ya san aikinsa zai iya kwance su, ya wanke, ya sa mai, su sake yin shekaru. Akwai kuma masu dogaro da lantarki. AE-1 ba ta dannuwa sam in babu batir. Ƙananan kyamarorin aljihu na shekarun 1990 kuwa, irin su Contax T2 da Yashica T4 da suka yi tashe a hannun matasa, su ne mafi haɗari ga ɗan kasuwa: kuɗinsu ya hau, amma ranar da allon lantarkinsu ko injin tura gilashin ya mutu, kayan gyara sai dai a ciro daga wata matacciya. Ka sayar wa mutum yau, bayan wata biyu ya dawo maka da ita, ko ka mayar masa da kuɗi ko ka rasa sunanka.

Kada ka manta da gilasan da ke jikinsu. Sau da yawa gilashin ya fi kyamarar saurin fita, domin masu kyamarorin zamani marasa madubi suna ɗaura tsofaffin gilasai da ɗan zoben haɗi, musamman masu ɗaukar bidiyo. Kyamara ta mutu, gilashinta na da kasuwa.

Maganar cewa kuɗinsu tashi yake yi kullum, ina so ka yi hattara da ita. Gaskiya ne wasu sun tashi, kuma gaskiya ne manyan kamfanoni sun daina ƙera irinsu: Canon ta rufe sayar da EOS-1V a 2018, Nikon ta tsayar da F6 a 2020. Abin da ba a ƙara yi, yawansa raguwa yake. Amma tashin bai game duka ba, wasu sunaye ne ƙalilan da yayi ya ɗauka, sauran suna nan zube ba mai taya su. Yayi kuma ba ya sallama in zai tafi. Bayan haka ga sababbi sun fara shigowa: Leica ta dawo da M6 a 2022, Ricoh ta fitar da Pentax 17 a 2024, wadda ke raba kowane gurbi biyu ta ba da hoto 72 daga nadi mai 36, ga ta sabuwa da garanti. Mai shiga harkar yau yana da zaɓin da babu shi kafin fitowar waɗannan. Jarin da ka kulle a kaya kana jiran su tashi, jari ne da ba ya juyawa, kai kuma ɗan kasuwa da juyi kake rayuwa.

Ina ribar take, to? Tarihin sana'ar kansa ya nuna. A 1888 George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak da fim mai hoto 100 a cikinta. In mutum ya gama ɗauka sai ya aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa masana'anta a Rochester ta Amurka, a wanke masa, a sa sabon fim, a mayar masa. Kyamara sau ɗaya ake saye, fim da wanki kuwa kullum ne, kuma a kan wannan aka gina kamfanin fiye da shekara ɗari. Shi ya sa lokacin da injiniyansu Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, mai nauyin kusan kilo uku da rabi, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset, kamfanin bai yi gaggawar rungumarta ba, don tana barazana ga abin da ke kawo masa kuɗi kullum. Ƙarshenta a watan Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Takwaransa Fujifilm na Japan ya tsira ne da ya karkatar da ilminsa na sinadarai zuwa kayan asibiti da magunguna har da man shafawa. Darasi biyu na ɗauko maka daga nan. Na farko, a harkar fim kuɗin yana cikin abin da ke ƙarewa a sake saye. Na biyu, kada abincinka ya rataya a igiya ɗaya, ko da dijital ce. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan ta ƙirga kyamarorin dijital sama da miliyan 120 da aka fitar a 2010. Zuwa 2020 ba su kai miliyan 10 ba, wayar hannu ta cinye kasuwar. Abin da waya ba ta iya bayarwa shi ne mutane za su biya ka a kansa, kuma fim na cikin waɗannan abubuwa.

Saboda haka kafin ka sayi ko kyamara ɗaya, amsa wannan tambaya: wa zai wanke? Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ka sayar wa kyamara, bayan sati biyu zai dawo da nadi a hannu yana tambayarka inda zai kai. In ba ka da amsa, ba zai sayi nadi na biyu ba, kuma zai gaya wa abokansa kada su fara. Fim ɗin Kodachrome ya ishe mu misali. Ya yi suna shekaru sama da saba'in, aka daina yin sa a 2009, wurin wankinsa na ƙarshe a duniya, Dwayne's Photo a jihar Kansas ta Amurka, ya rufe wannan layi a ƙarshen 2010. Daga ranar duk wanda ke da nadin Kodachrome a aljihu ba shi da inda zai fitar da launinsa yadda aka tsara. Fim sarƙa ce: mai ƙerawa, mai kawowa, mai wanki, mai juyawa zuwa kwamfuta, mai gyaran kyamara. Zobe ɗaya ya tsinke, sauran sun zama ado.

In akwai wurin wanki amintacce da za ka iya aikawa, ka ƙulla da su, ka zama kai ne mai karɓa da miƙawa, kana cin ladanka a kan kowane nadi. In babu, wannan gurbin shi ne kasuwar da kake nema. Baƙi da fari ana wanke shi da ƴar tukunyar wanki mai hana haske, da jakar duhu, da ma'aunin zafi, da sinadarai, a zafin digiri 20. Fim irin Ilford HP5 ko Kodak Tri-X yana yafe ƙananan kurakurai, da shi ake koyo. Mai launi, wanda ake wankewa ta hanyar da ake kira C-41, yana son digiri 37.8 daidai, kuma matakin farko minti uku da daƙiƙa 15 ne, ba ragi ba ƙari. Sinadaransa in an haɗa ba sa daɗewa, don haka sai kana da nadi masu yawa a jere kafin ya biya ka, in ba haka ba rabin ruwan zubarwa za ka yi. Ka koya a kan naka fim ɗin har hannunka ya faɗa kafin ka taɓa na mutane. Ruwan da aka gama aiki da shi kuma yana ɗauke da azurfa, ba a tuttula shi a ƙasa ko a hanyar ruwa.

Juyawa zuwa kwamfuta ma ba sai ka sayi manyan injinan Noritsu ko Frontier ba. Kyamarar dijital ɗin da na ce ka saya, da gilashin ɗaukar abu kusa da fitila mai shimfiɗaɗɗen haske, za ta ɗauki dodon hoton, wato wankakken fim, da kyau, manhaja ta juya shi. Kusan duk masu ɗaukar fim a yau a waya suke son ganin hotonsu. Ka ga ke nan jarin dijital ɗin yana yi wa ɓangaren fim aiki, ba gaba suke yi ba.

Sarin fim kansa yana son kula. Kaya ne mai wa'adi, yawanci shekara biyu ko ɗan fiye daga ƙerawa, zafi da laima suna gaggauta lalacewarsa, mai launi ya fi saurin canzawa. Firji ne mazauninsa, kuma in ka fito da shi ka bar shi ya huce a cikin robarsa kafin ka buɗe, kada raɓa ta sauka masa. In ta jirgi za a kawo maka, ka sani sababbin na'urorin bincike na filin jirgi masu ɗaukar hoton kaya ta kowace fuska suna iya ɓata fim a wucewa ɗaya, Kodak da kansa ya yi gargaɗi a kai, sai a nemi a duba shi da hannu. Kada kuma ka gina kasuwarka a kan nau'i ɗaya. Fujifilm ta tsayar da Pro 400H a 2021 alhali masu hoto da yawa sun dogara da shi, kamar yadda Kodak ta dawo da Ektachrome a 2018 bayan an yi zaton ya tafi. Masu ƙera fim ƙalilan ne, in ɗaya ya ɗaga farashi ko kaya suka yanke, ba ka da ta cewa.

In kuma kana son ka gwada ko mutanenka na biyan kuɗi don hoton da ake riƙewa a hannu, ba tare da wahalar wanki ba, kyamarar Instax ta Fujifilm na nan, mai fitar da hoto nan take. Da shi za ka auna kasuwa da ɗan jari kaɗan.

Ga yadda zan raba kuɗin nan da nawa ne. Kashi bakwai cikin goma su tafi ga kyamarar dijital ta hannu mai lafiya da gilashi ɗaya nagari. Kashi ɗaya ya zauna a ajiye don ranar da wani abu ya lalace ana gobe aiki. Sauran biyun su ne na fim: ka zaɓi kyamarori uku ko huɗu daga cikin ashirin ɗin, masu ƙarfe da sifirin, waɗanda ka gwada da idonka, ko da mai kayan zai ɗan ƙara maka kuɗi a kan kowace saboda ka tsince masu kyau. Ɗaya ka riƙe ta aiki, sauran ka canza musu soso, ka sayar da su tare da hotunan gwajin da suka ɗauka, da nadin farko, da alkawarin wanki a wurinka. A wajen aikin kwangila, ka sa fim a matsayin ƙari: nadi ɗaya ko biyu a gefen aikin dijital, da kuɗinsa daban, a biya kafin alƙalami, kuma ka faɗa wa kwastoma tun farko kwana nawa zai jira.

Ka buɗe wa fim shafinsa daban a littafinka, kada kuɗinsa su cakuɗe da na ɗaukar hoto. Ka riƙa rubuta abu uku: nadi nawa ka sayar, nawa suka dawo wanki, mutum nawa suka sayi na biyu. Lamba ta ukun ita ce za ta gaya maka gaskiya, don masu tambaya suna da yawa, masu dawowa su ne kasuwa. Bayan wata shida ka duba. In masu dawowa na ƙaruwa, ka koma wurin mai kyamarorin ka sake tsintar wasu daga cikin abin da ya rage, da ribar da fim ɗin ya kawo da kansa. In ba sa dawowa, ka sayar da gilasan ga masu bidiyo, ka riƙe kyamara ɗaya don kanka, uwar kuɗinka kuma tana nan tana aiki.

Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa mai albarka.